Idan Kwamfutar Ofis Ta Ƙi Tashi Bayan Sabunta Windows: Abin Yi Kafin A Kai Ta Wurin Mai Gyara

Da yammacin Juma'a ma'aikaci zai danna maɓallin kashe kwamfutarsa, sai ta nuna masa cewa tana sabunta kanta, ya dakata kada ya kashe ta. Shi kuwa hankalinsa na kan motar Nyanya ko ta Kubwa kafin cunkoso ya rufe hanya, don haka sai ya rufe ta ya jefa cikin jaka. Ranar Litinin da safe ya kunna, sai ya tarar da ɗigo-ɗigo suna ta kewaya a allo babu ƙarshe, ko kuma allo ya koma shuɗi da wani rubutun Turanci da bai taɓa gani ba. A cikinta kuwa akwai daftarin kasafin kuɗin sashensu, da takardar da Babban Sakatare zai sa wa hannu da ƙarfe goma, da jawabin da maigida zai karanta gobe.

Wannan hali ba baƙo ba ne a ofisoshin Abuja, kuma abin da akan fara yi shi ne a ɗauki na'urar a nufi Banex da ke Wuse 2. A can ne sau da yawa mai gyara zai ce sai an yi mata fomatin, wato a goge komai a ɗora sabon Windows. Kwamfutar za ta tashi, amma aikin shekaru ya tafi. Alhali a mafi yawan lokuta fayilolin suna nan lafiya lau a ma'ajiyarsu, hanyar isa gare su ce kawai ta toshe.

Dalilin da ya sa matsalar ta yawaita

Ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 da gyare-gyaren tsaro na kyauta kamar yadda ya saba, lamarin da ya tura ofisoshi da ɗaiɗaikun mutane zuwa Windows 11. Sai dai Windows 11, wanda ya fito tun Oktoban 2021, yana da sharuɗɗa: sai na'ura tana da guntun tsaro na TPM 2.0, da tsarin tashi na UEFI mai iya ɗaukar Secure Boot, da gurbin ajiya na akalla gigabait 64. A ɓangaren Intel kuma, galibi sai daga zubi na takwas zuwa sama. Da yawa daga cikin kwamfutocin tokunbo da ke hannun ma'aikata sun girmi wannan ƙa'ida. Masu gyara kan yi dabara su tsallake sharuɗɗan su ɗora Windows 11 da ƙarfi, amma Microsoft ya faɗa a fili cewa bai ɗauki alhakin irin waɗannan na'urori ba, kuma babu tabbacin za su ci gaba da samun sabuntawa.

A daidai wannan lokaci ne Ofishin Shugabar Ma'aikatan Tarayya ke matsa wa ma'aikatu su rage dogaro da takarda su koma aiki ta kwamfuta. Fayil ɗin da a da yake cikin kabad, yanzu yana cikin na'ura, saboda haka ƙin tashinta na rana guda na iya tsayar da aikin sashe baki ɗaya.

Abin da ke faruwa idan an danna maɓalli

Tashin kwamfuta hawa-hawa ne. Da farko ƙaramar manhajar da ke manne da allon na'urar, wadda ake kira BIOS ko UEFI, takan duba sassa. Daga nan sai ta nemi fayilolin tashi da ke wani ƙaramin yanki na ma'ajiya, su kuma su kira Windows, shi kuma ya ɗora 'yan manhajojin da ke haɗa shi da allo da ma'ajiya da sauran sassa, waɗanda masu gyara ke kira direba. Babbar sabuntawa takan taɓa kusan kowane hawa. Idan wuta ta ɗauke ko batir ya mutu ana tsakiyar rubuta fayilolin, ko gurbin ajiya ya cika, ko wani tsohon direba bai dace da sabon tsari ba, sai tafiyar ta tsaya a rabin hanya.

Duniya ta ga girman wannan ranar 19 ga Yuli, 2024, lokacin da wata gurɓatacciyar sabuntawa daga kamfanin tsaron intanet na CrowdStrike ta hana kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 tashi, bisa ƙiyasin Microsoft. Filayen jiragen sama da bankuna da asibitoci sun tsaya a ƙasashe da dama, kuma kamfanin jiragen Delta na Amurka ya soke tashi kusan 7,000 cikin kwana biyar. Amma maganin bai wuce a shiga na'urar ta hanyar gyara a goge fayil guda ba. Wannan gyaran bai buƙaci fomatin ba.

Matakan farko

Haƙuri ne mataki na farko. Tsohuwar kwamfuta mai faifan ajiya da ke juyawa na iya ɗaukar awa ɗaya ko biyu tana kammala sabuntawa. Muddin lambar kashi cikin ɗari tana motsi, a jona caja a ƙyale ta.

Idan ta tabbata ta sandare, a cire duk abin da aka jona mata, filas da firinta da makamantansu, domin wani lokaci na'urar tana ƙoƙarin tashi ne daga filas ɗin da aka manta a jikinta. A cire caja, a danne maɓallin kunnawa na kimanin daƙiƙa 30, sannan a mayar da wuta a sake gwadawa.

Idan hakan bai yi ba, sai a nemi ɗakin gyaran da ke cikin Windows ɗin kansa. Ana kunna na'urar, da zarar tambarin kamfani ko na Windows ya bayyana sai a danne maɓallin har ta mutu. Idan aka maimaita sau biyu ko uku, za ta nuna cewa tana shirya gyara da kanta, daga nan ta buɗe wani shuɗin shafi. A zaɓi Troubleshoot, sannan Advanced options. A nan kayan aikin suke, kuma ya fi dacewa a bi su daga mafi sauƙi:

Startup Repair yakan duba fayilolin tashi ya gyara da kansa. Uninstall Updates yana da zaɓi biyu, na cire ƙaramar sabuntawa ta wata-wata da na cire babbar da ta sauya tsarin gaba ɗaya. Babbar tana da wa'adi: kwana goma kacal Windows ke ajiye tsohon tsarin a wata folda mai suna Windows.old, bayan nan sai ya goge ta. System Restore yana mayar da tsarin yadda yake a wata rana da ta gabata ba tare da taɓa takardun mutum ba, idan dai an kunna shi tun farko. Ta Startup Settings kuma ake shiga Safe Mode, ta hanyar danna lamba 4 bayan na'urar ta sake tashi. A wannan yanayi Windows kan tashi da mafi ƙarancin direbobi, yadda za a iya cire wanda ya jawo matsalar, a kuma kwashe fayiloli.

Akwai zaɓi guda da ya kamata a yi hattara da shi, wato Reset this PC. Ko da an zaɓi a bar fayiloli, zai cire manhajojin da aka ɗora, idan kuwa aka zaɓi Remove everything, to babu bambanci da fomatin. Garin neman gira kada a rasa ido.

Lambobi 48 na BitLocker

Wani shuɗin allon da ya fi tayar wa ma'aikata hankali shi ne wanda ke neman mabuɗin BitLocker. Wannan ba lalacewa ba ce. BitLocker kulle ne da ke hana ɓarawon na'ura karanta abin da ke ciki, kuma idan ya ga an taɓa tsarin tashi yakan nemi mabuɗi mai lambobi 48. Sabuntawar tsaro ta watan Yulin 2024 ta jefa wasu na'urori cikin wannan hali, kamar yadda Microsoft ya amsa da kansa. Sababbin kwamfutoci da yawa kuma suna zuwa ne da kullen a kunne ba tare da mai su ya sani ba.

Idan na'urar ta mutum ce, mabuɗin yakan kasance a asusunsa na Microsoft, kuma zai iya dubawa ta wayarsa. Idan ta ofis ce da ke ƙarƙashin tsarin ma'aikata, sashen fasahar sadarwa ne ke riƙe da shi. Idan kuwa tokunbo ce da wani ya saita da asusunsa, mabuɗin yana can wurinsa. Ba tare da lambobin nan ba, babu mai gyaran da zai iya buɗe fayilolin, ko Microsoft ɗin kansa.

Idan ɗakin gyaran ma ya ƙi buɗewa

A nan sai an nemi wata kwamfutar mai lafiya da filas mai akalla gigabait 8 wanda babu komai a kansa, domin za a goge shi. Daga shafin Microsoft ake sauke Media Creation Tool a haɗa filas ɗin tashi. A jona shi a na'urar da ta lalace, a kunna tare da danna maɓallin zaɓin tashi: F9 a HP, F12 a Dell da yawancin Lenovo. Idan shafin ɗora Windows ya fito, a zaɓi gyaran kwamfuta maimakon sabon ɗori, zai kai ga kayan aikin da aka ambata a sama.

Akwai dabarar ceto fayiloli tun kafin a gyara komai. A buɗe Command Prompt, a rubuta notepad, sannan daga File a zaɓi Open. Tagar da za ta buɗe tana nuna foldodin na'urar, kuma daga nan za a iya kwafe su ɗaya bayan ɗaya zuwa wani filas ɗin.

Rubutun da allo ya nuna shi ma jagora ne, don haka yana da kyau a ɗauki hotonsa da waya. Idan ya ce babu abin da za a tashi daga kansa, a shiga BIOS, ta F10 a HP ko F2 a Dell, a tabbatar Windows Boot Manager ne a saman jeri. Saƙon INACCESSIBLE BOOT DEVICE kuma sau da yawa yana nufin direban ma'ajiya bai dace ba, ko saitin ma'ajiyar ya sauya tsakanin AHCI da RAID. Idan agogon BIOS yana nuna tsohuwar shekara, ƙaramin batirin da ke riƙe saiti ne ya mutu. Amma idan ma'ajiyar ba ta bayyana a BIOS ba sam, ko ana jin tana ƙas-ƙas, to faifan ne ke mutuwa, kuma kowace kunnawa ƙara masa rauni take yi. A nan ne aikin ya koma hannun ƙwararre.

Amana kafin gyara

Kwamfutar gwamnati ba ta ma'aikaci ba ce, kuma wurin da ya kamata ta fara zuwa shi ne sashen fasahar sadarwa na ma'aikatarsa, da rahoto a rubuce. Na'urar da ke ɗauke da bayanan albashi ko na ma'aikata, ko wadda ake shiga IPPIS da GIFMIS da ita, idan ta kwana a shagon kasuwa tare da kalmar sirrinta, to an miƙa wa baƙo abin da Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 da Dokar Kare Bayanai ta 2023 suka ɗora wa ma'aikaci nauyin tsarewa. Hadiman da ke aikin ofis da kwamfutocinsu na kansu su ma abin ya shafe su. Idan ya zama dole a je wurin mai gyara, a tsaya a kansa har ya gama, a kuma gaya masa tun farko cewa ba a yarda da fomatin ba sai an kwashe fayiloli an gan su a wani wurin.

Kafin sabuntawa ta gaba, abubuwa huɗu sun isa su rage asara: a kwafe muhimman fayiloli zuwa ma'ajiyar da ofis ya amince da ita, a nemo mabuɗin BitLocker a adana shi nesa da na'urar, a tabbatar akwai wadataccen gurbin ajiya, sannan a fara aikin da cikakken batir ko UPS a lokacin da babu gaggawa. Windows 11 yana ba da damar dakatar da sabuntawa har zuwa mako biyar, wanda ya isa ma'aikaci ya tsallake makon kare kasafin kuɗi ko na miƙa rahoto, ya yi ta a ranar da zai iya zama ya jira ta kammala.