DUSAR MAN MASARA: ABIN DA MAI KIWO YA KAMATA YA SANI

Daga Wakilinmu Na Arewa

Duk wanda ya taɓa turke rago ko sa, ko a Agege yake ko Sabon Badun ko Shagamu, ya san cewa ribar kiwo tana cikin buhun dusa. In dusa ta yi kyau, cikin wata uku dabba ta cika ta yi nama. In kuwa lami ce, to an zuba kuɗi a rijiya. Saboda haka yau za mu kai masu karatu ƙasar Amurka, su ji labarin wata irin dusa da ta zama babban abin ciniki a duniya, watau dusar da ke fitowa daga masana'antun da ke mayar da masara man mota. Darasin da ke cikin labarin ya shafi kowane mai sayen dusar kamfani a nan gida.

ASALIN AL'AMARIN

Tun lokacin da ƙasashen Larabawa suka tsuke bakin famfon man fetur a 1973, Amurkawa suka shiga neman abin da za su riƙa gauraya wa fetur don su rage dogara ga na waje. Abin da suka samu shi ne itanol, wani irin ruwan barasa mai kama wuta, wanda ake iya samu daga kowane hatsi mai sitaci. A 1978 gwamnatinsu ta rage haraji a kan fetur ɗin da aka gauraya da shi, sa'an nan a 2005 da 2007 ta kafa dokokin da suka tilasta wa kamfanonin mai yin wannan gauraye. A shekarar 2000 abin da ƙasar ta tace kimanin galan miliyan 1,600 ne, amma a 2018 ya kai galan miliyan 16,000. Masana'antun sun kai wajen 200, yawancinsu a jihohin noman masara kamar Ayowa da Nebaraska da Ilinoi da Minisota.

Ga yadda aikin yake. Ana niƙa masara ta zama gari, a dama da ruwa a dafa, a zuba wasu sinadarai masu mayar da sitaci sukari, irin aikin da tsiron hatsi yake yi wa kunun zaƙi. Daga nan sai a zuba yisti, a bar shi kwana biyu zuwa uku ya cinye sukarin ya mai da shi barasa. Sai a dafa ƙullun, barasar ta tashi da tururi, a tare ta a wani wuri dabam, a zuba mata ɗan fetur yadda ba mai iya sha. Abin da ya rage a tukunya ba barasa a cikinsa, kuma shi ne abin maganarmu. Akan sa shi a injin tacewa mai juyawa da ƙarfi, ya raba tsaki da ruwa. Ruwan a ƙafe shi ya yi kauri kamar maɗi, a mayar da shi kan tsakin, a busar. Wannan busasshiyar dusa ita ce ake rubuta wa haruffan DDGS a jikin buhu da takardun ciniki.

Buhun masara mai kilo 100 yakan ba da itanol kimanin lita 40 da dusa kimanin kilo 30, saura kuwa ya bi iska. Amurka takan fitar da fiye da tan miliyan 30 na wannan dusa a shekara, kusan kashi ɗaya cikin uku kuma jiragen ruwa ke kwashewa zuwa ƙasashe kamar Meziko da Biyetnam da Koriya ta Kudu da Turkiyya.

KOME YA NINKA SAU UKU

Kashi biyu cikin uku na ƙwayar masara sitaci ne, kuma shi kaɗai yisti ke ci. Da yake an ɗauke kashi biyu an bar ɗaya, duk abin da ke cikin ƙwayar wanda ba sitaci ba sai ya ninka kusan sau uku. Sinadarin gina jiki, watau furotin, wanda a masara bai wuce kashi 9 cikin 100 ba, a dusar yakan kai 27 zuwa 30. Mai yakan tashi daga kashi 4 zuwa wajen 11. Haka ma fosfaras, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi. Wannan ne ya sa masu kiwo suke rububinta, domin tana maye gurbin wani kaso na masara da na ƙulin waken soya a lokaci guda.

Amma fa ninkin nan bai san mai kyau da mugu ba. Idan masarar da aka kai masana'anta ta yi fumfuna, to dafin fumfunar, wanda ake kira afalatoksin, ba ya mutuwa da dafuwa, yisti kuma ba ya cin sa. Shi ma sai ya ninka sau uku a cikin dusa. Wannan dafi yana lalata hantar dabba, yana rage ƙwan kaji, yana kuma bin nonon saniya ya isa ga mai sha. A shekarar farin 2012, lokacin da masarar wasu jihohin Amurka ta kamu, sai da masana'antu suka tsananta gwajin kowace mota a bakin ƙofa, wadda ta wuce ƙa'ida a mai da ita.

ZAFIN WUTA

Abu na biyu shi ne busarwa. Ana busar da dusar ne a cikin wasu manyan ganguna masu juyawa da iska mai zafi. In zafin ya yi yawa, ko dusar ta daɗe a ciki, sai ragowar sukarin da ke cikin maɗin nan ya manne da furotin, su ƙone tare, kamar ƙanzon tuwo a gindin tukunya. Wanda ya fi cutuwa shi ne wani ɓangare na furotin da ake kira laisin, wanda kaji ba sa girma sai da shi, ga shi kuma dama masara ba ta da shi da yawa. Awon ɗakin gwaji zai nuna furotin yana nan kashi 28, amma cikin dabba ba zai iya narkar da wani kaso nasa ba, sai ya fita a kashi.

A nan ido da hanci suna da amfani. Dusar masara mai kyau launinta ruwan zinariya ne, tana ƙamshin gasasshen hatsi. Wadda ta yi duhu kamar garin kofi, tana ƙaurin ƙuna, to wuta ta ci rabonta. Sai dai a lura, a jihar Kansas akwai masana'antun da ke amfani da dawa, kuma dusar dawa dama can ta fi ta masara duhu ko da ba ta ƙone ba. Saboda haka launi ba ya yin hukunci sai an san hatsin da aka yi aikin da shi.

TATSE MAI

Abu na uku ya zo ne daga baya. Daga wajen 2010 zuwa gaba, masana'antun suka gane cewa man da ke cikin ruwan nan ya fi tsada in an sayar da shi shi kaɗai ga masu yin man dizal. Sai suka kafa injunan tatse shi kafin a mayar da maɗin kan tsaki, har ya zamana mafi yawansu haka suke yi. Dusar da da take da mai kashi 10 zuwa 12, sai ta koma tsakanin 5 da 9.

Ga mai turka wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin mai ya ninka sitaci fiye da sau biyu wajen ba da ƙarfi da ƙiba. Kaji su suka fi jin raguwar a jikinsu. Amma masu shanun tatsa sun yi maraba da ita, saboda yawan man masara a tumbin saniya yakan rage maiƙon nono. Wato dai suna ɗaya, buhu iri ɗaya, amma abin da ke ciki ya sake, kuma wanda ya riƙe lissafin da, shi zai ji a aljihunsa. Bugu da ƙari, wasu masana'antun yanzu suna ware ɓawo dabam, su fitar da wani gari mai furotin har kashi 50 don kaji da kifi, abin da ya rage kuwa sai dabbobi masu tuƙa.

FARAR WUTA DA TSAKUWA

Abu na huɗu shi ya fi haɗari. Masana'antun suna amfani da ruwan asid, irin na batirin mota, don daidaita tsamin ƙullu da wanke bututu. Asid ɗin nan yana ɗauke da farar wuta, wadda ke taruwa a cikin maɗin. Farar wutar da ke cikin masara kimanin kashi 0.1 cikin 100 ce, amma a dusar akan samu daga 0.4 har zuwa kashi 1, gwargwadon hannun masana'anta. Masana kuwa suna gargaɗin kada ta wuce 0.3 zuwa 0.4 a dukan abincin dabbar da ake turkawa da hatsi.

In ta yi yawa, ƙwayoyin halittar da ke cikin tumbi sukan mai da ita wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Dabba ta yi gyatsa, ta shaƙi iskar, ta shiga jini ta taɓa ƙwaƙwalwa. Sai a ga sa ko rago yana tangaɗi, ya makance, yana dafa kansa a bango ko yana ɗaga shi sama, in ba a yi hanzari ba ya faɗi ya mutu. Likitocin dabbobi sukan yi allurar bitamin B1, amma rigakafi ya fi magani: a riƙa haɗawa da isasshiyar ciyawa ko harawa, a kuma saba wa dabba da sabon abinci sannu a hankali.

Shi kuma fosfaras, ga kaji alheri ne, domin aikin yisti yakan sassauta shi yadda hanjinsu zai ɗauka. Amma ga rago da bunsuru da sa, in ya rinjayi kalsiyam, yakan haifar da tsakuwa a mafitsara ta toshe hanyar fitsari. Ƙa'idar da aka sani ita ce kalsiyam ya ninka fosfaras sau biyu. Don haka ake zuba garin farin dutsen nan laimiston, wanda masu haɗa abincin kaji suka sani, tare da gishiri da wadataccen ruwan sha. Wannan gargaɗi ya shafi dusar masara da ta alkama da muke ba ragunan layya, domin su ma fosfaras ɗinsu ya fi kalsiyam nesa.

ƊANYA KO BUSASSHIYA

Ba dukan dusar ake busarwa ba. A Nebaraska, inda garakan shanu ke maƙwabtaka da masana'antu, akan kai ta ɗanya. Binciken Jami'ar Nebaraska, wanda Farfesa Terry Klopfenstein da abokan aikinsa suka shafe shekaru suna yi, ya nuna cewa ɗanyar dusa ta fi busasshiya sa shanu ƙiba, har ma ta fi masarar kanta in aka auna ba tare da ruwan ba. Amma kashi 65 zuwa 70 na nauyinta ruwa ne, kuma a lokacin zafi da ƙyar take kai mako guda ba ta yi fumfuna ba. Ga lissafin: kilo 100 na ɗanya abinci kilo 30 zuwa 35 ne kawai, na busasshiya kuwa kusan kilo 90. Ashe buhun busasshiya ɗaya ya kusa buhu uku na ɗanya. Wanda bai yi wannan lissafi ba, ruwa zai saya da kuɗin dusa, ya kuma biya kuɗin motarsa.

Game da yawan da ake bayarwa, a Amurka shanun turka sukan ci kashi 20 zuwa 40 na abincinsu daga wannan dusa, shanun tatsa har kashi 20, kajin ƙwai kuwa galibi 10 zuwa 15.

INA RUWANMU?

Gwamnatin Tarayya ta fito da manufar gauraya fetur da itanol a 2007, inda aka fi sa ido a kan rogo da rake. To a sani, abin da ke cikin amfanin gona shi ke ninkawa. Rogo ba shi da furotin fiye da kashi 2 zuwa 3, don haka tsakinsa ba zai taɓa kama ƙafar na masara ko dawa ba, ko da an kira su da suna ɗaya. Haka kuma dusar kamfanonin giya da lemon malt da ake samu a Ikko da Badun ba ita ce wannan ba, domin ita ana tace ta ne tun kafin a zuba yisti. Amma larurar ruwa da fumfuna da ƙuna duk ɗaya ce, musamman a damshin Kudu.

Saboda haka duk wanda aka kawo wa dusar kamfani, kada ya yi cinikin biri a sama. Ya tambayi hatsin da aka yi ta da shi da kuma masana'antar da ta fito. Ya buɗe buhu ya duba launi, ya sansana, ya damƙa ya ji ko da danshi ko dunƙule. In zai sayi da yawa, ya nemi takardar gwaji mai nuna ruwa da furotin da mai da farar wuta, ko ya haɗu da 'yan'uwansa na kara su kai samfur ga malaman dabbobi. In ya sami masana'antar da kayanta ba sa sakewa, to ya riƙe ta, ko da ta ɗara wasu tsada, domin araha ba ta ado. In kuma ya canja wurin saye, ya gwada da dabba biyu ko uku na mako biyu kafin ya ba dukan garke.