Kulocin kamfani ko na kasuwa: wanne ya fi ƙarko a motar da aka ƙara wa ƙarfi?

Samarinmu na Agege, Sabon Ibadan da Fatakwal sun shiga harkar ƙara wa mota ƙarfi. Wani ya sa turbo, wani a taɓa masa kwamfutar injin, wani ya dasa injin da ya fi na asali. Ba a daɗewa kuloci ya fara ƙauri, sai gardama ta tashi a gareji: na kamfani ya fi ko na kasuwa?

Aikin kuloci shi ne ya haɗa injin da giya. Faifai ne da ake matse shi a jikin filawil, ƙarfin injin ya bi ta kansa ya kai ga tayoyi. Kamfani ya auna wannan matsi daidai da injin da ya ƙera, ya bar ɗan rara. Ni a cikin shanu na tashi, kuma mahaifina bai taɓa ɗaure bijimi da igiyar maraƙi ba. Igiyar lafiyarta ƙalau, ba dai aikinta ba ne. Haka kulocin kamfani yake: a motar da ba a taɓa ba, ya fi laushi da daɗewa, amma idan ƙarin ya wuce rarar nan, zai fara zamewa ya ƙone.

Gane hakan ba wuya. Kana tafiya a hankali, sa giya ta huɗu ka taka totur. In injin ya ɗau ƙara amma gudu bai ƙaru ba, kuloci na zamewa.

Shi kuma "na kasuwa" ba iri ɗaya ba ne. Akwai na kamfanoni irin su Aisin da Exedy na Japan, da LuK da Sachs na Jamus, waɗanda su ne ma suke yi wa masu ƙera motoci kulocin tun farko. Akwai na tsere, mai matsi da ƙarfi, wani faifansa da siramik. Sai jabu, wanda kwalin ne kawai orijinal.

Na tseren yana riƙe ƙarfi, amma da farashinsa. Yana da tauri a ƙafa, yana kamawa farat ɗaya, mota ta riƙa fizga. Ka yi awa biyu a gosulon Oshodi da shi, gwiwarka za ta ba ka labari. Yana cin filawil, kuma bugun da faifan kamfani ke shanyewa sai ya sauka kan giyabos. Ka tsere wa kuɗin kuloci, ka faɗa na giya.

Shawarata, in ƙarin kaɗan ne kuma motar ta yau da kullum ce, tsaya kan na kamfani ko na waɗancan sanannun. In ƙarin babba ne, nemi mai matsi da ƙarfi amma faifansa irin na titi. Za ka Ladipo ko Nnewi, tafi da lambar kayan da bakaniken da ka yarda da shi. A canza faifai, murfi da rilis biyarin tare, a duba fuskar filawil. Sannan ka lallaɓa shi kamar kilomita 800 kafin ka fara take shi, kuma ka sauke ƙafarka daga kan kuloci in ba giya za ka canza ba.