Lungun Taga Ba Sito Ba Ne

Duk wanda ya tashi a zango ya san cewa gidajenmu na da masu tsakar gida ne. Ɗakuna a jere, kowa da ƙofarsa, girki da wanki da hira duk a fili ake yinsu. To amma zamani yana sauyawa. Ƙidayar jama'a ta shekarar 2021 ta nuna mutanen Gana sun kai miliyan 30.8, kuma kusan kashi 57 cikin 100 nasu a birane suke zaune. Fili ya yi tsada, gini ya koma sama. Matasanmu da suka samu aiki, da 'yan kasuwar da Allah ya buɗa wa, suna barin Nima da Mamobi da Sabon Zango a Ankara, ko Aboabo da Asawase a Kumasi, suna kama hayar filat a gidajen bene.

A cikin filat babu tsakar gida, babu zaure, babu dakali. Saboda haka kowane taku na ɗaki yana da daraja, musamman idan muka tuna yadda ake biyan haya a ƙasar nan. Dokar haya ta 1963 ta hana karɓar kuɗin fiye da wata 6 a gaba, amma kowa ya san masu gida da yawa shekara 1 ko 2 suke nema. Abin mamaki shi ne, bayan mutum ya sha wannan wahala, sai ka tarar ya bar wuri mafi haske da iska a gidan ga akwatuna da buhuna.

Wurin da muke nufi shi ne lungun taga. A wasu sababbin gidajen, magina sukan turo taga waje daga jikin bango, ta yi kamar tumbi, da gilashi ta gaba da kuma gefe biyu. Daga ciki sai a samu ɗan lungu mai zurfin ƙafa 1 da rabi zuwa 2, wani lokaci da dakalin siminti a ƙasansa. A gidaje da dama da muke shiga gaisuwa ko barka, abin da muke gani a wannan lungu shi ne tsohuwar fanka, kwanonin biki, da akwatin da ba a buɗe ba tun ranar tarewa, an ja labule an rufe.

Asalin irin wannan taga

Turawan Ingila sun daɗe da ita a manyan gidajen attajirai. Ƙasarsu rana ba ta da ƙarfi, don haka suka nemi dabarar tara haske ta fuska uku. Daga 1696 har zuwa 1851 gwamnatinsu tana karɓar haraji gwargwadon yawan tagogin gida, har wasu suka riƙa toshe nasu da bulo. Bayan an soke harajin gilashi a 1845, aka soke na taga a 1851, sai taga mai lungu ta bazu har gidajen ma'aikata.

Amma ba Turawa kaɗai suka san ta ba. Alhazanmu da suka zaga tsohuwar unguwar Jidda, wadda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2014, sun ga dogayen gidaje da tagogin katako masu sassaƙa sun leƙo kan titi. Sunan irin wannan taga roshan. Akwai irinta a tsohon garin Sawakin na Sudan, inda kakanninmu masu tafiya Makka a ƙasa suke shiga jirgin ruwa. A Alƙahira kuwa mashrabiyya ake ce mata, sunan da ake dangantawa da kalmar sha ta Larabci, domin a nan ake ajiye tulunan ruwa iska ta sanyaya su. A cikin roshan ake shimfiɗa a zauna, a sha iska, a yi barcin rana, mata su ga titi ba tare da an gan su ba. Shahararren mai zanen gine-ginen Masar, Hassan Fathy, wanda ya rasu a 1989, ya yi bayanin yadda wannan taga take tace haske, ta shigo da iska, ta rage zafi, ta kuma tsare sutura. Mutanen da suka ƙirƙiro ta wurin zama suka ɗauke ta. Mu ma haka ya kamata mu ɗauke ta.

Wa ya fi cancanta da wurin?

A ganinmu, yaran makaranta. Mu da muke tsayawa gaban allo mun san yaron da yake da wurin karatu a gida da wanda ba shi da shi, tun daga littafinsa. Wani ya yi aikin gida a kan gwiwarsa gaban talabijin, wani a ƙasa yana kwance rub da ciki ƙaninsa yana jan littafin, wani kuma sai da safe a bakin aji yake kwafa daga abokinsa. Idan jarrabawar BECE ta matso, sai iyaye su shiga neman kuɗin darasin ƙari, alhali abin da yaron ya rasa tun farko ɗan wuri ne da zai ce nasa ne.

Yaranmu kuma nauyi biyu suke ɗauke da shi, ga boko ga makarantar allo ko Islamiyya. Lokacinsu kaɗan ne. A ƙasar nan rana tana fitowa wajen ƙarfe 6 ta faɗi wajen ƙarfe 6 kusan duk shekara, don haka hasken bayan asuba da na bayan la'asar kyauta ne daga Allah, mita ba ta cin ko kwabo. Waɗanda suka ga wahalar dumsor tsakanin 2012 da 2016 ba sa bukatar a tuna musu darajar hasken da ba a ɗaukewa.

Kafin a kira kafinta

Da farko a duba inda tagar take fuskanta. Mu da muke kusa da tsakiyar duniya, tagar gabas da ta yamma su ne rana take duka kai tsaye. Ta gabas tana da daɗi da yamma, ta yamma kuwa da safe ake morarta, daga azahar sai ta zama tanda in ba a sa mata labule mai kauri ba. Ta kudu da ta arewa sun fi sauƙin zafi. A Ankara iskar teku daga kudu maso yamma take busowa yawancin shekara, ƙurar hunturu kuwa daga arewa maso gabas take zuwa tsakanin Disamba da Fabrairu.

Na biyu, a jira a ga ruwan sama ko sau ɗaya. Lungun taga yana waje da bangon gida, shi ne farkon wurin da yake yoyo. Idan bayan ruwa an ga danshi a kusurwa ko fenti yana kumbura, a sanar da mai gida a gyara kafin a sa katako, in ba haka ba littattafai za su yi funfuna.

Na uku, ɗan haya ya tuna gidan ba nasa ba ne. Kada a fasa dakali ko a huda bango sai da yardar mai gida. Abin da ya fi shi ne kafinta ya auna wurin ya ƙera abin da zai shiga daidai ba tare da ƙusa a bango ba, ranar tashi a ɗauke shi a tafi da shi.

Awo da katako

Idan teburin karatu ake so, tsayinsa daga ƙasa ya zama inci 29 zuwa 30, wato wajen santimita 75, faɗinsa kada ya gaza inci 18. A bar ƙarƙashinsa fili domin gwiwa ta shiga. Yaro ƙarami a sa masa ɗan akwati ya taka, kada ƙafafunsa su yi lilo. Mai rubutu da hannun dama ya fi jin daɗi idan haske ya zo masa ta hagu, domin inuwar hannunsa ba za ta rufe rubutun ba. Kantocin littattafai a gefe za a sa su, ƙasa da gilashi, kada su tare iska.

Idan kuwa akwai dakalin siminti da bai wuce inci 18 ba, to wurin zama ya riga ya samu. Sai a yanka katifa mai kaurin inci 3 ko 4 daidai wurin, tela ya ɗinka mata riga mai zif da za a riƙa cirewa a wanke, a jera matasai biyu ko uku. Ga dakalin zaure ya dawo cikin bene. Tsohuwa za ta zauna ta ja carbi, uwar gida ta yi tsintar shinkafa ko saƙa, yaro ya ɗora allonsa ya yi tilawa. Inda babu dakali, kafinta ya yi akwati mai murfi a wannan tsayi, sama wurin zama, ciki ma'ajiyar darduma da zannuwan gado. Ta haka an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. A huda masa 'yan ƙofofi domin iska ta ratsa, a kuma bar tazarar yatsa biyu tsakaninsa da bango.

Game da katako, odum ya fi ƙarko, gara ba ta cika cinsa ba, amma yana da tsada da nauyi. Wawa yana da araha da sauƙin ɗauka, sai dai ƙwari suna sonsa, dole a shafe shi da magani da fenti. Ko a Timber Market ta Ankara aka saya ko a Sokoban ta Kumasi, a nemi busasshe, domin ɗanyen katako yakan lanƙwashe bayan 'yan watanni.

Batun labule

Kuskuren da aka fi yi shi ne rataya labule a bakin lungun, daga bango zuwa bango. Da zarar an ja shi, an yanke wurin daga ɗakin ke nan. A sa ƙarfen labule ya bi jikin gilashi ta fuskokin nan uku. Don sutura, a yi koyi da mutanen Jidda: a rufe rabin ƙasa da labule mai shara-shara, a bar sama a buɗe haske da iska su shigo. Sai dai a tuna, da dare idan fitila tana kunne a ciki, na waje yana ganin komai ta labule mara kauri, don haka a tanadi mai kauri na dare. Ragar sauro kuma dole ce. Iska ba ta shiga ɗakin da ba ta da hanyar fita, saboda haka a riƙa buɗe ƙofa ko tagar da take ɗaya ɓangaren.

Rigakafi ya fi magani

Wurin zama a jikin taga tsani ne ga yaro mai rarrafe. A bene, tilas a sa ƙarafan tsaro, kuma tazarar da ke tsakaninsu kada ta wuce inci 4, wato santimita 10, domin inda kan yaro ya shiga jikinsa ma zai bi. Ragar sauro ba ta riƙe yaro. Har ila yau, a ce wa mai walda ya yi wa aƙalla taga ɗaya a gidan ƙofa mai kwaɗo, a rataye makullin inda manya suka sani, saboda ranar gobara. Idan tagar mai jerin gilasan luba ce, a duba na ƙasa, a sauya duk wanda ya tsage.

Kada a mai da lungun wurin tara ruwa. Lita 1 ta ruwa nauyinta kilo 1 ne. Duro mai lita 200 ya kai nauyin ƙarti uku, haka ma jarkoki 8 masu lita 25, irin waɗanda ake kira galan ɗin Kufuor. Sau da yawa taga mai lungu a bene babu ginshiƙi a ƙarƙashinta, rataye take a jikin dakin bene. Ɗan tulu ko randa ƙarama babu laifi, duro kuwa a kai shi kicin ko banɗaki. Tukunyar gas ma ba a ajiye ta inda rana take duka, kuma ba a hura gawayi a ɗakin da yake rufe.

Masu sha'awar shuka za su iya jera tukwane biyu ko uku na na'a-na'a da ɗoɗɗoya da albasa mai lawashi a gefe ɗaya. Amma a riƙa zubar da ruwan da ya taru a farantin ƙarƙashin tukunya, domin cikin kwana 7 zuwa 10 ƙwan sauro yake zama sauro.

Kira ga iyaye

Mun san abin da wasu za su ce: to kayan fa, ina za a kai su? Amsa ita ce, akwati ba ya bukatar haske. Ƙarƙashin gado da saman kabad sun ishe shi. Abin da aka shekara 2 ba a taɓa ba kuwa, wataƙila rabon wani ne, a ba da shi a samu lada.

Muna roƙon iyaye maza da mata su ɗauki awo a ƙarshen makon nan, su janye labulen, su fitar da abin da ke bayansa, su share. Ko babu kuɗin kafinta a yanzu, ɗan tebur da kujera ɗaya sun isa a fara. A kira yaron a ce masa nan ne wurinka, daga ƙarfe kaza zuwa kaza babu mai aikenka, a rage muryar talabijin. Waɗanda kuma har yanzu suke ɗaki ɗaya a zango, ko tagarsu ba ta da lungu, shawarar ba ta bar su ba: a matsar da kabad daga bakin taga, a ba ɗalibi wurin. Allah ya yi wa zuriyarmu albarka, ya ba su ilimi mai amfani.