Babi na Bakwai: Balarabe da Turancin Kotu

Ɗalibin lauya daga Alƙahira ko Amman da ya tashi koyon Turancin shari'a yakan fara da haddar jerin kalmomi, Ingilishi a hagu, Larabci a dama. Wannan hanya tana kai shi wani wuri, amma ba ta kai shi nesa. Dalili kuwa shi ne kalmomin nan kowacce ta girma a cikin irin kotun da ta haife ta, kuma kotun Ingila da ta Masar ba gini ɗaya ba ne.

Turancin kotu ma kansa haɗin gambiza ne. A 1066 Wiliyam na Nomandi ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da na masu shari'a. Daga nan aka sami court, judge, jury da verdict. Kalmomin da talaka ya sani tun kafin zuwan Nomawa, irin su theft da oath, suka ci gaba da zama tare da baƙin, ga kuma Latin da ake rubuta takardun kotu da shi. A 1362 aka yi dokar da ta ce a riƙa yin muhawarar kotu da Ingilishi, amma sai a 1733 takardun kotu suka koma Ingilishi baki ɗaya. Har yau ba a daina gyara ba: a 1999 kotunan Ingila suka bar kiran mai ƙara plaintiff suka koma claimant, Amurka kuwa ta riƙe tsohuwar. Mai koyo sai ya fara tambayar kansa Turancin wace ƙasa yake nema.

Larabcin shari'a na zamani yana da iyaye biyu: fiƙihu da tsarin dokokin Faransa. Kundin dokar mu'amala na Masar, wanda Abdurrazaƙ al-Sanhuri ya jagoranci rubutawa, ya fara aiki a 1949, kuma Siriya da Iraƙi da Libiya sun ɗebi abubuwa da yawa daga cikinsa. A wannan tsari alƙali yana buɗe kundi ya nemo sashen da ya dace. A Ingila kuwa babban kaso na doka yana cikin hukunce-hukuncen da manyan alƙalai suka yanke a baya, kuma wajibi ne ƙaramar kotu ta bi abin da babba ta yanke. Shi ya sa Balarabe zai iya fassara precedent da sabiƙa ƙada'iyya, fassarar ta yi daidai, amma nauyin da kalmar take da shi a Landan bai biyo ta ba.

A nan ya kamata a tsaya a duba kisan kai, domin babu inda kuskuren ya fi hatsari. Fiƙihu ya san kisan ganganci, wanda hukuncinsa ƙisasi ne, da kisan kuskure, wanda ake biyan diyya a kansa. Hanafiyya da Shafi'iyya da Hambaliyya sun ƙara na uku a tsakiya, mai kama da ganganci, yayin da mashhurin ra'ayin Malikiyya, wanda malamanmu suke karantarwa a Kano da Damagaram, ya tsaya a kan biyu. Ɗalibi yana ganin murder da manslaughter sai ya ce ai ga ganganci ga kuskure. Na farkon ya yi kusa. Na biyun ya fi haka faɗi ƙwarai. Direban da sakacinsa ya wuce misali har ya kashe mutum yana iya shiga ciki, haka ma wanda ya yi kisa da niyya amma kotu ta yarda cewa an tunzura shi har ya kasa mallakar kansa, ko hankalinsa yana da rauni. Tafintan da ya gaya wa dangin mamaci cewa an kama mai laifin da “kisan kuskure” a irin wannan shari'a ya ba su labarin da ba shi ne ya faru ba. Kuma a Ingila bambancin ba ƙarami ba ne: murder ɗaurin rai da rai ne dole, manslaughter kuwa alƙali ke duba tsawon ɗaurin.

Mutanen da ke cikin kotun ma sun bambanta. Balarabe yana da muhami ɗaya, Ingila ta raba aikin gida biyu: solicitor mai zama da kai ya shirya takardu, da barrister mai tsayawa gaban babbar kotu. Ga kuma mutum 12 da ake zaɓowa daga cikin gari su yanke ko wanda ake tuhuma ya aikata laifin, abin da yawancin kotunan ƙasashen Larabawa ba su yi.

Fagen rikici da yaƙi shi ne ya fi taɓa zuciya, domin a nan kalma takan tsaya tsakanin mutane da ƙasarsu. Larabci yana amfani da hudna a wurin da Ingilishi ya raba truce da armistice, ga kuma ceasefire, wato tsagaita wuta. Babu ɗaya daga cikinsu da ke nufin yaƙi ya ƙare. Masar da Isra'ila sun sa hannu a kan armistice a tsibirin Rodes a 1949, bisa shiga tsakanin Ralph Bunche, amma yarjejeniyar zaman lafiya ba ta zo ba sai 1979, bayan yaƙe-yaƙen 1956 da 1967 da 1973. Sai kuma ƙuduri mai lamba 242 na Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, na 22 ga Nuwamba 1967. Nassin Ingilishi ya nemi Isra'ila ta janye daga yankunan da ta mamaye ba tare da sa ƙaramar kalmar nan the ba. Isra'ila ta kafa hujja da haka cewa ba duka yankunan ake nufi ba, Larabawa suka riƙe nassin Faransanci wanda ya fi nuna duka. A lokacin Larabci bai shiga harsunan Majalisar ba; sai 1973 Babban Taro ya karɓe shi, Kwamitin Sulhu kuma a 1982. A ganina duk mai koyar da Turanci ga Larabawa ya kamata ya kai wannan ƙuduri aji, ko don ɗalibai su daina raina ƙananan kalmomi.

Buƙatar Turancin shari'a kuma ƙaruwa take yi. Cibiyar hada-hadar kuɗi ta Dubai, wadda aka kafa a 2004, tana da kotunanta masu zama da Ingilishi bisa tsarin Ingila, Abu Dabi ma ta bi sahu a 2015. Sudan ta daɗe da sanin wannan gamayya ta Larabci da tsarin Ingila tun mulkin Turawa, kuma daga kundin laifuffukanta ne aka tsara Final Kod na Arewacin Nijeriya da ya fara aiki a 1960. Bahaushe yana da rabo a ɓangarorin biyu, tunda alƙali da hukunci da shaida daga Larabci ya samo su, lauya da beli da sammaci kuwa daga Turanci. Wanda yake son ƙwarewa, Balarabe ne ko Bahaushen da ya yi karatu da Larabci, ya nemi cikakken hukuncin kotu guda ɗaya ya karanta shi daga shigar da ƙara har zuwa yanke hukunci, yana lura da wanda ya faɗi kowace kalma da matakin da aka faɗe ta.