Haraji ko ƙwace: kalmomin da ake rayuwa da su a Sabon Birni da Isa

A ƙauyukan Sabon Birni da Isa, kuɗin da 'yan bindiga ke ɗora wa manoma kafin su bari a yi shuka ko girbi, haraji ake kiransa. Haka mutanen gari ke faɗa, haka 'yan jarida ke rubutawa, ba tare da an tsaya an auna nauyin kalmar ba.

A Hausa, haraji haƙƙin mai mulki ne. Mai unguwa ya tara, dagaci ya miƙa wa hakimi, hakimi ya kai baitulmali. Shi ya sa soke haraji da jangali da gwamnatocin PRP suka yi a Kano da Kaduna a 1979 ya girgiza siyasar Arewa. Wanda ya ce ya biya haraji ya amsa, ko ba da son ransa ba, cewa mai karɓar hukuma ne. Yaron da ya tashi yana jin mahaifinsa na cewa "mun biya harajin bana" ba zai ɗauki abin a matsayin fashi ba. Tsarin rayuwa zai ɗauke shi. A Nuwamban 2021 rahotanni suka nuna 'yan bindiga sun naɗa nasu masu gari a Gangara da wasu ƙauyukan Sabon Birni. Kalmar ta riga naɗin isa.

A watan ne kuma Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ayyana su 'yan ta'adda, gwamnati ta wallafa hukuncin a Janairun 2022. Sai dai a kasuwar ƙauye ba kowa ke iya furta wannan suna ba. Tsoron infoma ya sa ake sakayawa, a ce "mutanen daji", har sunan Bello Turji ma sai an waiga kafin a ambata. Babu mai ganin laifin manomin da ke kare wuyansa. Laifin na mai rubutu ne daga Sakkwato ko Abuja, wanda ba bindiga a kansa.

Haka "sulhu", wanda a asali sasanci ne tsakanin masu jayayya da kowannensu ke da ikon cewa a'a. Ƙauyen da aka ba wa'adi ba shi da wannan iko. Shi kuwa basaraken da al'ada ta ba haƙƙin shiga tsakani, shi ma bai tsira ba: a Agustan 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasa ransa a hannun waɗanda suka sace shi.