3.2 Bambance Kuturta da Kyasbi da Makero a Ƙananan Asibitocin Ƙasar Funtuwa

A wannan sashe za a duba yadda ma'aikacin ƙaramin asibiti zai gane kuturta tun tana tabo, kafin ta taɓa yatsu. Muhimmancin haka shi ne, manomin Bakori ko Ɗanja ko Malumfashi yakan fara zuwa ɗakin shan magani na garinsu ne, ba babban asibitin Funtuwa ba. Idan aka ɗauki tabonsa a matsayin kyasbi, to zai koma gida da man shafawa alhali cutar tana cin jijiyoyinsa.

Cututtukan nan uku duk suna sauya launin fata, amma sun sha bamban. Makero yana da ƙaiƙayi da zagayayyen baki. Kyasbi yana yin garin fata idan aka kankare shi. Tabon kuturta kuwa ba ya ƙaiƙayi, sau da yawa ba ya yin gumi, kuma ba ya jin taɓi. Don haka gwajin farko ba ya buƙatar komai sai ɗan sili na auduga, wadda ba ta wuya a ƙasar Funtuwa. Majiyyaci zai rufe ido, a taɓa lafiyayyar fata da tabon, ya nuna inda ya ji. Daga nan sai a lalubi jijiyar gwiwar hannu da ta gefen gwiwar ƙafa, ko sun yi kauri.

Idan an tabbatar, sai a ƙirga tabban. Mai tabo 1 zuwa 5 yana shan magani wata 6, wanda ya haura 5 kuwa wata 12. Maganin haɗi ne na Rifampicin da Dapsone da Clofazimine, tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar bi a 1981, kuma kyauta ake bayarwa. Wajibi ne a gaya wa majiyyaci cewa fitsarinsa zai yi ja, fatarsa kuma ta ƙara duhu, don kada ya tsorata ya daina sha. Wanda al'amarinsa ya rikitar, kamar mai raɗaɗin jijiya, sai a tura shi gaba, misali cibiyar Saye da ke Zariya.

Magani yana kashe ƙwayar cutar, amma jijiyar da ta riga ta mutu ba ta dawowa. Hannun da ba ya jin zafi kuwa, ƙotar fartanya kaɗai ta isa ta yi masa gyambo mai shi bai sani ba.