Motar da Ba Ta Tashi da Turi

A wannan fitowa ta allon jaridarmu mun ɗauko batun giyar mota mai canza kanta, wadda kowa ya sani da otomatik: yadda take aiki, abin da ke kashe ta, da yadda ake sauke ta a gyara.

Iyayenmu sun tashi ne da Fijo 504, wadda kamfanin PAN ya fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, sai kuma Golf da ire-irenta, duk masu kuloci da giyar hannu. Yau kuwa, wanda ya tsaya a tashar Rogo ko ta Karaye, ko ya duba motocin da ke shigowa nan Fulatan ranar ɗaurin aure, zai ga Corolla da Camry da Honda Accord da aka gama hawa a Amurka aka turo mana, yawancinsu otomatik. Motoci sun canza, amma ɗabi'un tuƙi da na gyara suna nan yadda suke tun zamanin Fijo. A nan ake tafka asara. Ranar da bakanike ya ce da mai mota "sai an sauke giya", maganar buhunan masara masu yawa ake yi, kuma in motar haya ce, tuwon gidan ma ya tsaya. Alhali sau da yawa ciwon bai kai ga saukewa ba.

Mai ne direban

A giyar hannu direba ne ke taka kuloci da ƙafa, ya sa giya da hannu. A otomatik mai ne ke yin aikin ƙafar da na hannun gaba ɗaya.

Tsakanin inji da giya akwai wani rufaffen ƙarfe, kamar an kifa kwano a kan kwano an liƙe, cike da mai. Kanikawa na kiransa kwanbata. A ɗauki fanka biyu a sa su fuskanci juna, a kunna ɗaya: iskarta za ta juya ɗayar ko da ba a jona ta da wuta ba. Haka cikin kwanbata yake, sai dai mai ne ke bugun fiffiken a maimakon iska. Shi ya sa direba ke iya taka birki mota ta tsaya cak tana cikin D, inji bai mutu ba. Wani injiniya Bajamushe, Hermann Föttinger, shi ya yi rajistar wannan dabara a 1905, don jiragen ruwa ma ya yi ta. Giyar otomatik ta farko da aka ƙera da yawa don motoci ita ce Hydra-Matic ta kamfanin General Motors, wadda ta fito a 1939 cikin motocin Oldsmobile. Wato ta girmi kakannin da yawa daga cikinmu.

Can ciki kuma akwai haƙoran giya da aka jera kamar zanen rana da duniyoyi na littafin Jogirafi: ɗaya a tsakiya, ƙanana suna zagaya shi, sai babban zobe mai haƙora ta ciki ya kewaye su duka. In aka riƙe ɗaya daga cikin ukun aka juya wani, na ukun zai fita da wani gudu dabam. A canza wanda aka riƙe, gudu ya canza. Da haka ake samun giya ta ɗaya, ta biyu, har da ribas. Masu riƙewar su ne wasu siraran faifai da kanikawa ke kira faiba, a jere tsakanin faifan ƙarfe. Famfo ya turo mai da ƙarfi, man ya matse su, su kama. 'Yan ajin kimiyya, ga dokar Pascal ɗin nan da malamin Fiziks ke fama da mu a kanta, tana aiki a ƙarƙashin motar malam.

To wa ke raba man? Duk wanda ya taɓa ban ruwan albasa da rani ya san aikin: a buɗe wa wannan kwami, a toshe wancan. A cikin giyar akwai wani allon ƙarfe mai ƙananan hanyoyi birjik, da wasu makunnai masu aiki da lantarki da ake kira solonoyid. Ƙwaƙwalwar mota ta auna gudun mota da yadda aka taka totur, ta ba su umarni, su buɗe wa mai wannan hanya su rufe waccan.

Ke nan mai ɗaya ne ke ɗaukar ƙarfin inji, shi ke matse faiba, shi ke hana ƙarfe cin ƙarfe, shi ke kwashe zafi ya kai lagireto ya huce. In ya ragu, ko ya ƙone, ko aka zuba wanda ba nasa ba, ayyukan nan duka sun taɓu.

Abubuwan da muke yi mata

Mu fara da turi, tunda mu ɗalibai ake kira. Famfon mai yana juyawa ne da inji. In inji a kashe yake, babu matsin mai, babu abin da ya haɗa tayoyi da inji. Ko ajinmu duka zai fito ya tura ta daga nan zuwa Rogo, ba za ta tashi ba. Batir za a nemo. Ja da igiya ya fi turi illa, domin tayoyi na juya kayan ciki alhali famfo ba ya aiko musu da mai. In tafiyar da nisa, a ɗaga tayoyin da ke ja daga ƙasa, ko a ɗora motar kacokan a kan wata.

Sai zafi, wanda shi ne babban maƙiyinta. Man giya ya fi son zama wajen digiri 80 zuwa 90 na ma'aunin salshiyos. A ɗauki ƙaramar mota da bazara, a danƙara mata buhunan dawa, ta kafe a yashi, direba ya dinga wurga ta daga D zuwa R yana ba ta wuta. Cikin 'yan mintoci mai ya dahu, faiba ta fara ƙonewa. Gara a sauko a haƙe yashin, a sa itace a ƙarƙashin taya. Haka nan sa ribas mota ba ta gama tsayawa ba, wannan ma cin amanar giya ne.

Da damina kuma ruwa ne. Giya na da ɗan bututun shaƙar iska a samanta, kuma in aka kutsa rafi mai zurfi ruwa na iya shiga ta nan. Yana iya shiga ta lagireto ma, in hanyar mai da ke cikinsa ta huje. Ruwa na ɓanɓare fatar faiba daga jikin ƙarfenta, kuma wannan ba ya gyaruwa da canjin mai kawai.

Na ƙarshe, kuma wanda ya fi ba mu haushi domin ganganci ne tsantsa: zuba kowane irin mai. Ja ba shi ne shaida ba. Toyota na da T-IV da WS, Honda na da Z1 da DW-1, General Motors na da Dexron, giya mai bel da ake kira CVT kuma nata dabam ne kwata-kwata. Yawanci sunan man yana rubuce a jikin sandar awo ko a littafin motar. Man giyar hannu mai kauri kuwa, guba ne a gare ta.

Kafin a ɗauko sifana

Bakanike na ƙwarai ba ya fara da kwance noti. Sandar awo yake fara zarowa. A yawancin motoci ana auna man ne a shimfiɗaɗɗen wuri, mota ta yi ɗumi, inji na aiki, giya na P. Tsofaffin Honda sun saɓa: ana kashe inji ne a auna nan take. Lafiyayyen mai ja ne garai-garai kamar zoɓo. In ya yi baƙi yana ƙaurin ƙuna, faiba ta ci wuta. In ya koma kamar an dama madara a cikinsa, ruwa ya shiga.

Daga nan sai na'urar bincike. Tun 1996 motocin da ake sayarwa a Amurka dole su zo da soket ɗin OBD-II a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'urar ta karanto ƙorafin ƙwaƙwalwar mota. Lamba P0700, alal misali, na nufin sashen giya yana da ƙorafi, a bincika. Sau da yawa motar da ta maƙale a giya ɗaya ta ƙi canzawa ba lalacewa ta yi ba. Ƙwaƙwalwa ce ta ga wata waya ta tsinke ko na'urar auna gudu ta mutu, sai ta kulle giyar don kare ta. Ɓera ma na iya jawo wannan. Solonoyid da filta kuwa, a motoci da yawa ana kai musu ta hanyar cire farantin mai kawai, giya tana wurinta. Wanda ya sauke giya saboda tsinkakkiyar waya ya yi gyaran gangar Auzinawa.

Amma in inji na kuka mota ba ta ja, mai ya ƙone, ga ɓarɓashin ƙarfe a faranti, to babu makawa.

Saukewa

Da yawa daga cikinmu suna zuwa gareji bayan an tashi daga makaranta, don haka a karanta nan da kyau. Giyar ƙaramar mota ta fi buhun siminti nauyi, wata ma ta kusa biyu, kuma mutum a ƙarƙashinta yake aiki. Jak na ɗagawa ne, ba na riƙewa ba. Sai an kafa ƙafafun ƙarfe ko katako mai kauri a ƙasa mai tauri, an tare tayoyin baya, kafin kowa ya shiga. Bulon siminti yana fashewa ba sallama. In Oga ya ce a shiga ƙarƙashin motar da ke kan jak kaɗai, a ba shi haƙuri cikin ladabi, a ɗauko katako tukuna.

Ana fara cire kan batir. Sai a zare soket-soket da wayar liba, a yi wa kowace alama. A tsiyaye mai, a cire tayoyin gaba da shaf ɗin da ke kai musu ƙarfi, a kwance bututan da ke zuwa lagireto, a cire sitata. A tallafe inji, domin giyar na cikin abin da ke riƙe da shi. Sai wurin da sabon hannu ke yin kuskure: kwanbata a ɗaure yake da faifan bayan inji, kuma dole a kwance waɗannan kusoshi ta wata 'yar taga, ana juya inji da hannu ana cire su ɗaya bayan ɗaya. Kwanbata tare da giya zai fito. In aka bar shi manne da inji aka fizgo giya, ana iya lanƙwasa faifan, a yaga sil, a ji wa famfo. Bayan haka ne za a sa jak a ƙarƙashin giya, a kwance maɗaurai da kusoshin da suka haɗa ta da inji, a ja ta a miƙe, a sauko da ita sannu.

A buɗe ko a sayo wata?

A nan yawancin masu mota ke kama hanyar Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa, su sayo giyar Beljiyam. Wani lokaci a dace. Amma sayen kifi a ruwa ne, tunda ba wanda ya san irin wahalar da ta sha a can. Kuma kamar jiki ba ta isa ba. Camry mai silinda huɗu da aka yi wa kasuwar Amurka daga 2002 zuwa 2004 giya huɗu gare ta, ta 2005 da 2006 kuwa biyar, alhali daga waje kusan mota ɗaya ce. A tafi da lambar giyar da hoton soket ɗinta, a kuma yi yarjejeniyar kwanakin gwaji da mai kaya a gaban shaida kafin kuɗi su bar hannu.

Buɗewa a gyara ya fi buƙatar ilimi, shi ya sa masu yin sa ba su da yawa, kuma a ganinmu nan ne gurbin da ɗalibin da ya iya karatu da awo zai shiga ya ci abinci. Aikin na son tsabta kamar ɗakin tiyata. Ƙwayar yashi ɗaya na iya maƙale hanyar mai, don haka ba a baje kayan a ƙasa cikin ƙurar hunturu. Ana jera su a kan tebur bi da bi yadda suka fito. A cikin allon raba mai akwai wasu ƙananan ƙwallaye da ba su wuce ƙwayar wake ba. In ɗaya ta ɓata ko ta koma ramin da ba nata ba, wata giya ba za ta shiga ba. A ɗauki hoto da waya kafin a taɓa su. Sabuwar faiba sai an jiƙa ta cikin man giya kafin a sa, a auna ratar da ke tsakanin faifan da ma'auni, ba da ido ba. Robobi da sil kuwa, duk sababbi ake sawa.

Wajen mayarwa, kwanbata ake fara zaunar wa a cikin giya, ana juya shi ana turawa har a ji ya faɗa mataki biyu ko uku ya kai ƙarshe. In giya ta ƙi haɗuwa da inji, kada a ja ta da ƙarfin kusoshi: alama ce kwanbata bai zauna ba, kuma matsewar za ta fasa famfo tun mota ba ta tashi ba. A wanke bututan lagireto, domin dattin tsohuwar giya na nan a maƙale yana jiran sabuwa. A zuba man da ya dace, a tayar da inji, a taka birki a bi da liba ta kowane harafi, a sake aunawa, tunda kwanbata zai shanye kaso mai yawa. Sannan a fita gwaji a hankali har mota ta yi ɗumi, a dawo a ajiye ta a kan busasshiyar ƙasa, a leƙa a ga ko akwai ɗigon ja.